Arsenik a Jijiyar Mai Kansar Jini: Me Ke Kare Zuciyarsa?

Cikin ire-iren kansar jini akwai wata da likitoci a Yamai ke rubutawa LAM3, wasu kuma LAP, gajerun sunayenta na Faransanci, a takardar majinyaci. Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Leif Hillestad, ne ya fara bayyana ta a 1957, kuma abin da ya fi ɗaga masa hankali shi ne saurin kisanta. Mutum yana cikin harkokinsa sai dasashi ya fara zubar da jini, haɓo ya ƙi tsayawa, tabo baƙi-baƙi su feso a fata, kafin makonni kaɗan jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwa ko a huhu. Yau kuwa, inda aka kama ta da wuri kuma magani ya samu, fiye da mutum 90 cikin 100 na masu nau'in da bai tsananta ba suna warkewa sarai. Magunguna biyu suka juya lamarin. Ɗaya ATRA, ɗan dangin bitamin A. Ɗayan trioksid na arsenik, wanda ake sayarwa da sunan Trisenox da wasu sunaye, guba ce da duniya ta daɗe da sani, kuma tana taɓa zuciya.

Asalin cutar a ɓargo yake. Kromozom na 15 da na 17 ne ke karyewa su yi musayar guntaye, sai a samu wani gurɓataccen furotin, PML-RARA, wanda ke hana fararen ƙwayoyin jini balaga. ATRA yana kama furotin ɗin ta ɓangaren RARA, arsenik yana kama shi ta ɓangaren PML, su biyun su sa ƙwayar ta rushe shi da kanta. Likitocin Harbin na ƙasar Sin, a ƙarƙashin Zhang Tingdong, su suka fara ɗura arsenik ga masu kansar jini a farkon shekarun 1970, bayan sun tace shi daga wani haɗin gargajiya. Amurka ta amince da shi a 2000. A 2013 ne gwajin Italiya da Jamus da Francesco Lo-Coco ya jagoranta ya raba gardama: bayan shekara biyu, 97 cikin 100 na waɗanda aka ba ATRA da arsenik suna nan cutar ba ta dawo ba, waɗanda aka ba ATRA da shimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa da aka saba, kuwa 86 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a rasa su a 2019.

To, ina ruwan zuciya a ciki?

Kowane bugun zuciya ƴar wutar lantarki ce ke tayar da shi. Sodiyom da kalsiyom su kutsa cikin ƙwayar tsokar zuciya, ta matse, jini ya fita. Kafin bugu na gaba sai ƙwayar ta koma yadda take, kuma hanyar komawar ita ce ta fitar da potasiyom ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinta, mafi muhimmanci a cikinsu wadda ake kira hERG. Tsawon lokacin da ake ɗauka daga tashin wutar zuwa kammala komawar shi ne tazarar QT da ake aunawa a takardar ECG, wato awon wutar zuciya. Ga mai lafiya ba ta cika wuce milisakan 450 ga namiji, 460 ga mace ba, bayan an yi lissafin saurin bugun. Wanda ya taɓa kallon mata suna lugude ya san abin: turmi ɗaya, taɓare biyu ko uku, kowace sai ta ɗaga tata kafin ta ƴar'uwarta ta sauka. Ɗaya ta yi nawar ɗagawa, taɓare su gwabzu, daka ya watse. Idan wasu ƙwayoyin zuciya ba su gama komawa ba sabon bugu ya riske su, zuciya na iya faɗawa wani irin gudu na hauka da likitan Faransa François Dessertenne ya siffanta a 1966, torsade de pointes. Wani lokaci ya tsaya da kansa cikin ƴan sakanni, mutum ya ji gabansa na dukan uku-uku, jiri ya ɗebe shi ko ya suma ya farfaɗo. Wani lokaci kuma ba ya tsayawa.

Arsenik yana da wata dabara da ta bambanta shi da yawancin magungunan da ke tsawaita QT. Su toshe ƙofar suke yi nan take. Shi kuwa, kamar yadda binciken Eckhard Ficker da abokan aikinsa ya nuna a 2004, hana sababbin ƙofofin hERG isa fatar ƙwayar yake yi, tsofaffin na lalacewa ba a maye gurbinsu, a lokaci guda kuma yana ƙara shigar kalsiyom. Shi ya sa illar ba ta bayyana ranar farko. Takardar maganin ta ce tsakanin mako na 1 da na 5 ake ganinta. ECG mai kyau da aka yi ranar kwantar da majinyaci ba ta ce komai ba game da mako na uku. Bayan wannan akwai ɓarna ta biyu da aka fi gani a dabbobin gwaji: arsenik yana cinye sinadarin glutatiyon da ƙwaya ke kare kanta da shi, iskar oksijin mai ƙuna ta taru, injinan ƙarfin ƙwayar su raunana, wasu ƙwayoyin tsokar su mutu.

Alƙaluman farko sun tsorata likitoci, kuma da dalili. A Japan, a 2000, Ohnishi ya ba da rahoton majinyata 8, dukkansu QT ɗinsu ta tsawaita. A 2001 wani asibiti a St. Louis na Amurka ya ba da rahoton mutuwar fuju'a ta mutum 3 cikin 10. A gwajin Amurka na mutum 40 da aka dogara da shi wajen ba maganin lasisi, 16 sun haura milisakan 500, ɗaya ya shiga torsade, kuma shi wannan ɗayan ana ba shi amfoterisin B, maganin da ya shahara wajen zubar da potasiyom da magneziyom ta fitsari. A riƙe wannan bayani na ƙarshe, don kusan duk hikimar kariyar a cikinsa take. Da aka zo gwajin 2013, inda aka tsaurara awo, kusan 16 cikin 100 ne QT ɗinsu ta tsawaita, aka daidaita galibinsu da gyaran gishirin jini, irin su potasiyom da magneziyom, da ɗan dakatawa ko rage magani.

Yanzu ga abin da ya fi cika intanet. Wanda ya nemi yadda ake kare zuciya daga arsenik zai tarar da tarin bincike kan tsirrai. Resberatrol na ɓawon inabi, wanda masu bincike a Harbin suka gwada a ɓeraye a 2008. Sinadarin salbiyanolik daga saiwar danshen ta Sinawa. Ujenol, man da ke ba kanumfari ƙamshinsa, wanda aka gwada a Kerala ta Indiya. Man ƴaƴan lilin, bitamin C da E, da wasu da dama. Tsarin kusan ɗaya ne: a ba ɓera arsenik na wasu kwanaki, a ba wani rukuni arsenik tare da sinadarin, a yanka a duba zuciya, a tarar ta rukuni na biyu ta fi lafiya. Aikin kimiyya ne na gaskiya, ban raina shi ba, daga irinsa ne arsenik ɗin kansa ya fito. Sai dai har yau babu ko ɗaya cikinsu da ya ratsa babban gwaji a jikin mutane ya shiga ƙa'idojin jinyar LAP. Maganin kare zuciya da likitocin kansa suka sani, deksrazoksan, na wani dangin shimiyo ne daban, ba na arsenik ba. Magungunan da ke kama arsenik su fitar da shi daga jiki, irin su dimerkaprol, na wanda aka yi wa ɗuri fiye da kima ne, domin fitar da shi fitar da maganin kansar ne.

Akwai ma wata tambaya da ta fi wannan nauyi. Galibin waɗannan tsirrai suna aiki ne ta hanyar kashe kaifin iskar oksijin mai ƙuna. Alhali ƙungiyar Hugues de Thé a Faris ta nuna a 2010 cewa wannan ƙunar tana cikin hanyar da arsenik ke bi ya dunƙule PML-RARA ya miƙa shi a rushe. Wato abin da ake son ragewa a zuciya, ana son sa a ɓargo. Wasu masu binciken sun ce a kwanon gwajinsu sinadarin ya kare ƙwayar zuciya bai rage kisan ƙwayar kansa ba, wani ma ya ƙara shi. Madalla. Amma cutar da ake warkar da 90 da wani abu cikin 100 ba a yi mata kasada da sakamakon kwanon gwaji. Dangin da suka karanta labarin kanumfari suka jiƙo shi cikin gora suka kai wa majinyaci da niyyar alheri, ba su san adadin da ya sha ba, ba su san me zai yi wa hanta da arsenik ya riga ya ɗora wa nauyi ba, ga shi man kanumfari yana rage daskarewar jini, a cutar da zubar jini ne babban makashinta.

Kariyar da aka tabbatar ba ta da armashin labari. Kafin ɗigon farko a yi ECG, a auna potasiyom, magneziyom, kalsiyom da kreyatinin, tunda ta ƙoda arsenik ke fita. A ci gaba da awon gishirin jini aƙalla sau biyu a mako a zangon farko, ECG aƙalla sau ɗaya, fiye da haka ga wanda jikinsa ya rikice. A riƙe potasiyom sama da 4, magneziyom sama da miligiram 1.8 a desilita, wanda labo masu lissafin Faransa ke rubutawa 18 a lita. Idan QT ta haura 500, a dakata, a gyara gishiri, a cire duk wani magani da ke ƙara ta, a dawo da rabin adadi sannan a hau a hankali. Adadin da aka saba shi ne miligiram 0.15 ga kowane kilo a rana, wato miligiram 9 ga mai kilo 60, cikin ƙarin ruwa na awa ɗaya zuwa biyu.

Cikin wannan akwai tarko biyu ƙanana da ke kama mutane. Na farko, takardar labo tana ɗaukar potasiyom 3.5 zuwa 5 a matsayin daidai. Sakamako ya fito 3.6, babu alamar gargaɗi a gefensa, mai jinya ya ajiye takarda da kwanciyar hankali. Ga kowa daidai ne, ga mai shan arsenik bai kai ba. Na biyu, iyonogram, awon gishirin jini da aka saba rubutawa, sodiyom ne da potasiyom da klor. Magneziyom sai an rubuta shi daban, an biya shi daban. Kuma idan magneziyom ya yi ƙasa, ƙoda ba ta riƙe potasiyom, a yi ta ɗurawa yana zurarewa. Abin daɗin shi ne sulfat na magneziyom ba baƙon magani ba ne a wurinmu, shi ne ungozomomi ke yi wa mai ciki da jijjiga ta kama, kuma shi ne maganin farko na torsade, giram 2 a jijiya.

Jinyar kanta tana haƙa ramin da zuciya ke faɗawa. Da ATRA da arsenik suka fara aiki, ƙwayoyin kansar kan balaga da yawa a lokaci ɗaya, wasu majinyata su yi zazzaɓi, jiki ya kumbura, ruwa ya taru a huhu ko a jakar zuciya, numfashi ya yi wuya. Maganin wannan deksametazon ne, sau da yawa a haɗa da Lasilix don a sauke ruwan. Dukansu biyu suna zubar da potasiyom. Majinyaci ya yi amai, a ba shi ondansetron ko domperidon, su ma suna tsawaita QT. Garkuwar jikinsa ta faɗi, zazzaɓi ya zo, a ɗauko siprofloksasin ko azitromisin, a ƙara flukonazol saboda farin baki, duk dangi ɗaya ne ta wannan fuska. Kowace ordonansi, wato takardar magani, ita kaɗai tana da hujjarta. Haɗuwarsu a jiki ɗaya, a mako na uku na arsenik, ita ce matsalar, kuma sai an samu mutum ɗaya da ke duba jerin gaba ɗaya kullum, likita ne ko mai farmasin asibiti.

Ƙa'idojin nan a Turai da Amurka aka rubuta su, inda babu palu, wato zazzaɓin cizon sauro. A Yamai daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓi ya kama mutum, sunan da za a fara kira palu ne, kuma hannu zai tafi ga abin da aka saba. Kinin yana tsawaita QT. Klorokin haka. Piperakin da ke cikin wasu haɗe-haɗen zamani haka, halofantrin ya fi su duka muni. Ko Coartem, takardarsa ta ja kunne game da haɗa shi da irin waɗannan magunguna. Allurar artesunat, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a kan kinin don palu mai tsanani, ba ta da wannan illa sosai. Ba cewa ake yi a bar palu ba magani ba, palu ma kisa yake yi. Cewa ake yi zazzaɓin mai shan arsenik ba na ɗan talla mai tire a ka ba ne, ba na maƙwabcin da ya iya allura ba ne. A yi gwaji, likitan da ke riƙe da jinyar ya zaɓi magani, a maimaita ECG.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu ma'auni yana wuce digiri 40 a Yamai da Tawa kusan kullum, gumi kawai yana rage gishirin jiki, in zawo ya haɗu da shi kwana ɗaya ya isa ya sauke potasiyom daga 4.2 zuwa inda ba a so. Ga al'adar wankin ciki: an ga majinyaci ya kumbura ko cikinsa ya ɗaure, a dafa masa filasko. Filasko zawo yake sawa, zawo kuma potasiyom yake ɗauka. Wasu kan ce a ba shi kanwa tunda gishiri ake nema, alhali kanwa galibinta sodiyom ce, ba ta maye gurbin komai a nan. Dabino, ayaba, wake da zogale suna da potasiyom, a ci, amma ba su isa su gyara sakamakon labo da ya faɗi ba, wanda ƙodarsa ta raunana ma sai ya tambaya tukuna. Batun azumi kuwa, Alƙur'ani ya riga ya ba mara lafiya rangwame ya rama daga baya, kuma wanda ake ɗura wa arsenik yana cikin waɗanda rangwamen ya fi dacewa da su.

Duk wannan ɓangare ɗaya ne na haɗarin. Ɗaya ɓangaren, wanda a ganina ba a cika faɗarsa ba, shi ne tsoron da ya wuce kima. Tazarar QT tana canzawa da saurin bugun zuciya, don haka sai an daidaita ta da lissafi. Yawancin na'urorin ECG suna amfani da lissafin Bazett na 1920, wanda ke kumbura sakamako idan zuciya na sauri. Mai kansar jini kuwa, ga ƙarancin jini ga zazzaɓi, da wuya zuciyarsa ba ta sauri. A ɗauki mai bugu 110 a minti, QT ɗinsa 380. Lissafin Bazett zai ba da kusan 515, a ce a tsayar da magani. Lissafin Fridericia, shi ma na 1920, zai ba da kusan 465, a ci gaba. Mutum ɗaya, takarda ɗaya. Gail Roboz da abokan aikinta a Niyok sun duba majinyata 113 a 2014: da Bazett kusan kashi biyu cikin uku sun haura 500, da sauran lissafe-lissafen tsakanin 24 da 32 cikin 100, kuma babu wanda zuciyarsa ta yi mummunar rikicewa a cikinsu. Saboda haka ƙa'idojin ƙungiyar masana kansar jini ta Turai na 2019 suka ce a guji Bazett. Lambar da na'ura ta buga a saman takarda ba hukunci ba ce, sai likita ya sa ido ya auna da kansa.

Muhimmancin wannan shi ne abin da ake komawa gare shi idan an bar arsenik. Shimiyon da arsenik ya maye gurbinsa, idarubisin da daunorubisin, su ma zuciya suke ci, kuma cin nasu ya fi muni: suna raunana tsokar kanta, ɓarnar tana taruwa da kowane zagaye, tana iya fitowa bayan shekaru a matsayin gazawar zuciya da ba ta komawa. Tsawaitar QT ta arsenik kuwa tana warwarewa bayan an gama. Barin arsenik don a tsare zuciya a koma wancan, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Waɗanda fararen ƙwayoyinsu suka haura 10,000 tun farko su ne ake haɗa musu duka biyun, su kuma bayan ECG suna buƙatar ekografi, wato hoton motsin zuciya.

Ya kamata a faɗi kuma cewa a wannan cuta zuciya ba ita ce babbar makashiya ba. Ko a Suwidin, ƙididdigar ƙasa baki ɗaya da aka buga a 2011 ta nuna 29 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30 na farko, zubar jini ne kan gaba cikin dalilan. Wanda ya taso daga Tawa, ya yi tafiyar sama da kilomita 500 zuwa Yamai da dasashi na zuba, abin da ke gabansa ATRA ne tun ranar da aka yi zargin cutar, da plaket, ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da plasma daga masu ba da jini. Maganar QT ta wanda ya tsallake wannan siratsin ce.

Wata hanya da ke rage nauyin zuciya tun daga tushe ita ce arsenik na sha. A asibitin Queen Mary na Hong Kong an haɗa ruwan arsenik da ake sha ta baki, aka kuma lura cewa da yake yana shiga jini a hankali, ba ya yin tsirin da na jijiya ke yi, QT ba ta tsawaita sosai. A Sin akwai ƙwayar da aka haɗa da dutsen realgar mai ɗauke da arsenik da shunin baba, wadda gwaje-gwajen 2013 da 2018 suka nuna ba ta gaza na jijiya ba. Ga ƙasa mai faɗi irin Nijar wannan ya fi duk labaran tsirrai amfani, ko da yake na shan ma arsenik ne, awon bai faɗi ba.

Bayan zangon farko, wanda kan kai har kwana 60, tsarin 2013 yana da zagaye huɗu: mako huɗu ana ɗuri kwana biyar-biyar, mako huɗu ana hutu. A hutun nan ne majinyaci ke komawa gida, Tawa ko Ƙonni ko Illela, ko ya sauko daga Tunis ko Indiya in a can ake jinyar. Ƙofofin hERG ba sa dawowa ranar da aka cire allura, suna ɗaukar makonni. Ma'aikacin lafiyar da zai gan shi da zazzaɓi a can bai san da arsenik a jikinsa ba sai an gaya masa. Don haka kafin a sallame shi a rubuta masa takarda da Faransanci mai ɗauke da sunan maganin, ranar ɗurin ƙarshe, QT da potasiyom na ƙarshe, sunayen magungunan da za a guje wa, da lambar sashen da ke jinyarsa, a kuma ɗauki hotonta a wayar wanda ke rakiyarsa. Idan ya suma, ko ya ji bugun zuciya mai haɗe da jiri, ko zawo da amai suka wuce yini, asibitin da ke da ECG da labo za a nufa kai tsaye, a miƙa takardar tun a ƙofa.